Koriyar tsaka a keji: sai ta sami wurin ɓuya take yarda a gan ta

Abin da ke jan mutum ga koriyar tsakar Madagaska launi ne. Jiki kore shar, jajayen ɗigo a gadon baya, wata da shuɗi a kewayen ido, wata kuma wutsiyarta gaba ɗaya shuɗiya. Hotunanta sun cika waya, har a cikin samarin Aboabo da Asawase, unguwannin Kumasi a Ghana, da suka saba da kiwon tsuntsaye da kifin ado ana samun masu tambayar yadda ake ajiye ta. Sai dai hoto ba ya gaya maka irin zaman jiran da mai ɗaukarsa ya yi. Wanda ya sa wannan dabba a akwatin gilashi fayau, reshe ɗaya da kwanon ruwa, abin da zai samu shi ne wata aba mai duhun launi maƙale a kusurwar sama, da ya motsa ta zabura ta bugi gilashi. Daga nan sai ya ɗauki ɗaya daga cikin munanan shawarwari biyu: ya rage ganyen da ke ciki don ya riƙa ganinta, ko ya riƙa kama ta kullum wai don ta saba da hannu. Duka biyun hanyar kashe ta ce a hankali.

A ganina tsoron nan ba cuta ba ne da za a nema wa magani. Shi ne ma'aunin da ke nuna ko kejin ya yi ko bai yi ba. Tsakar da ta san cewa tsalle ɗaya zai kai ta maɓoya ita ce ke fitowa ta miƙe a fili tana shan rana. Wadda ba ta da wurin gudu ba ta da abin yi sai ɓuya a inda babu wurin ɓuya, ta daina ci, ta rame.

Masana na kiran wannan dangi Phelsuma, sunan da Baturen Ingila John Edward Gray ya sa masa a 1825, kuma jinsunansa sun kai wajen 50. Mafi yawansu a Madagaska suke, saura galibi a tsibiran da ke kewaye da ita a Tekun Indiya: Morishus, Reyuniyon, Seshel da Komoros. Bambancinsu da tsakar da ke bin bangon ɗakunanmu da dare shi ne su da rana suke yawo, ƙwayar idonsu a zagaye take, kuma ban da ƙwari suna lasar ruwan fure da nunannun 'ya'yan itace. Babbar cikinsu da aka fi kiwo, grandis, takan kai santimita 25 ko fiye. Laticauda, mai ɗigon ruwan zinariya a wuya, rabin haka ce. Klemmeri mai rawayan kai, wadda sai a 1991 aka bayyana ta ga duniyar ilimi daga dazukan gora na arewa maso yammacin Madagaska, ba ta kai santimita 10 ba. Halinsu ma ba ɗaya ba ne. Grandis takan waye har ta lashi ayaba a yatsan mai ita, klemmeri ma ba ta cika gudun mutane ba. Amma na Morishus irin su cepediana da guimbeaui, masu kiwo sun san su da tsananin tsoro da saurin tsiya, kuma su ne mafi kyawun launi, abin da ya sa sababbin shiga ke kwaɗayinsu tun ba su iya komai ba.

Dabba ce ƙarama mai yawo da rana a kan itace, ke nan duk tsuntsun da ya gifta yana iya zama ajalinta. Shi ya sa abin da ya fi firgita ta shi ne motsi daga sama. Kejin da ake buɗewa ta rufi, hannu ya sauko, a wurinta farmaki ne ko da abinci hannun ya kawo. Ka tsaya ka kalli yadda take yi idan ta hango mutum tana kan sandar gora. Ba ta fara da gudu. Takan zame a hankali ta koma bayan sandar, ka matsa dama ta zame hagu, kullum gorar na tsakaninku, ba abin da kake gani sai 'yan yatsu huɗu ko biyar da suka leƙo a gefe, wani lokaci da rabin ido. Idan ka tsaya cak na ɗan lokaci sai kan ya fito, ta zaro harshe ta share idonta, don ba ta da fatar ido da za ta ƙifta. Wannan zamewar ita ce dabararta ta farko, kuma keji mai kyau shi ne wanda ya ba ta damar yin ta a ko'ina.

Dabara ta ƙarshe kuwa ita ce ta sa ba a kama ta da hannu. Kowa ya san tsaka na yar da wutsiya. Wannan har fata take bari: ka riƙe ta, ta murɗa, fatar baya ta saɓule a yatsunka, ita ta tsere da jan nama a waje. Fatar takan sake tsirowa, amma tabon kan zauna, kuma a danshin Kumasi buɗaɗɗen rauni ba abin wasa ba ne. Idan dole sai an ɗauke ta, a kife mata kofin roba mai gani-har-hanji a jikin gilashi a zura kwali a ƙarƙashi, ko a jira ta shiga cikin gora a toshe bakin biyu a ɗauki gorar gaba ɗaya. Mai kiwon tantabara zai ce ai tsuntsu ma da hannu yake sabawa. Tantabara ta yi dubban shekaru a hannun ɗan Adam. Wannan kuwa ita ko kakarta aka ciro daga daji, iyakar sabon da za ta yi shi ne ta daina ɗaukarka abin tsoro, shi ma ta hanyar ganin ka zo a lokaci ɗaya kullum, ka yi abu ɗaya, ka tafi ba ka taɓa ta ba.

Keji dai tsayi yake so fiye da faɗi. Ga ƙananan jinsuna, mace da namiji, santimita 45 a faɗi da 60 a tsayi ya isa, grandis kuwa sai an kai 90 a tsayi. Ƙofa ta gaba, a rufe gefe biyu da baya, a ɗora shi daidai ido ko sama da haka, nesa da hanyar da yara ke zirga-zirga da inda talabijin yake. Kayan ciki a nan garin ba su da tsada. Gora ta cika yankin Ashanti: a yanko masu kauri daban-daban, wasu a tsaye, wasu a gicciye, a huda ramuka a tsakanin gaɓoɓi yadda za ta shiga ciki. A dasa moda a tukunya, wato shukar nan mai dogayen ganye masu kauri da ake ajiyewa a ƙofar gida, don ganyenta santsi ne da ƙarfi, kuma mata na son saka ƙwai a gindinsa. A cika kejin har mai shi ya ji ya yi yawa. Wurin shan haske kuma a sa shi kusa da maɓoya, kada ya zama sai ta tsallaka fili kafin ta isa.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne yanayi. Galibin abin da aka rubuta kan kiwon nan, masu kiwo a Jamus da Holand da Amurka ne suka rubuta, mutanen da damuwarsu sanyi ne da ƙarancin rana. Shi ya sa bayaninsu cike yake da fitilun ɗumama keji da akwatin gilashi mai riƙe zafi. Wanda ya kwafi wannan a ɗaki mai rufin kwano a Sabon Zango, a watan Fabrairu ko Maris lokacin da zafin waje kan kai digiri 34, dafa dabbar zai yi. Yawancin jinsunan na son digiri 25 zuwa 30 da rana, da ɗan wuri ɗaya mai zafi kaɗan fiye da haka da za su hau su sauka yadda suka ga dama, da dare kuma ya sauko. Mu a nan wannan kyauta muke samunsa kusan duk shekara. Aikinmu shi ne fitar da zafi da shigo da iska. Don haka kejin raga mai ƙananan idanu, ko gilashi a gaba raga a sama da gefe, ya fi akwatin kifi da aka juya. Ma'aunin zafi kuma ya zama abu na farko da za a saya, kafin dabbar ma. Jinsunan kan tudu irin su barbouri, masu zama a duwatsun tsakiyar Madagaska inda dare ke da sanyi, ba na garin nan ba ne, a haƙura da su.

Batun haske ya fi haka sarƙaƙiya. Tsaka mai yawon rana na buƙatar hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, don jikinta ya haɗa bitamin D3, wanda sai da shi take iya amfana da kalsiyam ɗin da ta ci. Idan babu, ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, wutsiya ta karkace, ƙafafu su kasa riƙe gilashi. Gilashin taga yana tare wannan haske, saboda haka ajiye keji a bayan taga yaudarar kai ne. Fitilar UVB kuwa daga waje ake shigo da ita, ƙarfinta na raguwa tun tana ci gaba da haske, sai an sauya ta bayan wata shida zuwa shekara. Ga wutar lantarki da ba a gama yarda da ita ba, duk wanda ya ga dumso, wato yawan ɗaukewar wuta, na 2015 ya sani. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne kejin raga a baranda inda ranar safe ke taɓa ɓangare ɗaya na awa ɗaya ko biyu, sauran na cikin inuwar ganye. Launin da rana ta gaskiya ke fitarwa ba fitilar da ke kamo shi. Amma akwatin gilashi kada ya ga rana ko na minti goma.

Baranda kuma da nata. Kiyashi da tururuwa na bin zaƙin ayaba, kuma a dare ɗaya suna iya gamawa da ɗan da aka ƙyanƙyashe, don haka ƙafafun teburin su zauna cikin gwangwanin ruwa, abincin da ya rage a kwashe kafin magariba. Kyanwa, ɓera da ƙadangare duk sai an yi lissafinsu. Tsakar gida ma takan kutsa ta kowace kafa, ta cinye ƙanana. Sai hunturu: daga Disamba zuwa Fabrairu iska kan bushe, saɓa ta maƙale a yatsu ta hana su kama bango, sai an ƙara fesa ruwa safe da yamma. Da damina akasin haka ne, feshi ya yi yawa keji ya yi funfuna. Kumasi na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, Akra wajen rabin haka, ke nan shawarar mai kiwo a Nima ba lallai ta zauna daidai a Aboabo ba. Ba su cika shan ruwa a kwano ba, ɗigon da ke kan ganye suke lasa.

Hatsarin da na fi ji wa tsoro a gidajenmu maganin sauro ne. Gidan haya mai ɗakuna goma, kowa na feshi da yamma ko kunna na hayaƙi, ga dabbar da nauyinta bai taka kara ya karya ba. Haka ƙwarin da aka kamo a gindin fitila ko kusa da gonar koko da ake yi wa feshi, ko kyankyason da ya ci guba bai mutu ba tukuna. Mafita ita ce mutum ya yi kiwon abincin da kansa: gyare a cikin babban bokiti da kiret ɗin ƙwai, ana ba su dusa da ganye, ƙananan ƙudajen ayaba kuma a kwalba don jarirai. Kada ƙwaron ya fi faɗin kan tsakar. A barbaɗe shi da garin kalsiyam, ko da na ɓawon ƙwai ne da aka dafa aka shanya aka niƙa lukui. Ƙwari sau biyu ko uku a mako, dameƙen ayaba ko gwanda ko mangwaro sau ɗaya ko biyu. Suna son zaƙi fiye da kima, wanda ya biye musu zai tara masu ƙiba marasa haihuwa.

Haihuwar kanta ba ta da wuya idan an gyara duk wannan, wahalar tana wurin haɗa su. Maza biyu ba sa zama keji ɗaya. Ana gane namiji da layin ƙananan ramuka a cinyoyinsa ta ciki da kumburi a gindin wutsiya. Mace da namijin ma ba dole su shirya ba. Wajen barbara yakan ciji wuyanta ya riƙe, ɗan tabo a nan ba komai ba ne, amma idan ka ga ta yi duhu, ta koma ƙasan keji, ta daina fitowa cin abinci, a raba su ranar. A nan ne cunkoson ganye ke ceton rai, don yana ba ta inda za ta kauce wa idonsa. Kuma namiji ake kai wa kejin mace, ko a sa su tare a sabon keji, ba a jefa ta a yankin da ya riga ya mallaka. Kada a haɗa mace kafin ta cika shekara ta gama girma.

Mace mai shirin ƙwai za ka ga kumburi biyu a gefen wuyanta. Sababbin masu kiwo kan ɗauka ciwo ne, alhali taskar kalsiyam ce da za ta yi ɓawo da ita. Ƙwai biyu take sakawa a lokaci guda, masu tauri, sau da yawa manne da juna, ta sake bayan kamar wata ɗaya, har sau biyar ko shida a shekara. Wasu jinsunan, irin su grandis da laticauda, ƙwansu a sake yake, ana iya ɗauke shi a hankali a sa a ƙaramin mazubi, ba tare da an juya shi ba, saman ya zauna sama. Na Morishus kuwa liƙa shi suke yi a jikin gora ko ganye ko gilashi, wanda ya yi ƙoƙarin ɓamɓarowa ya fasa. Sai dai a ɗauke gorar, ko a kife ƙaramin kofi mai huji a kansa a manne, don idan ɗan ya fito kada iyaye su haɗiye shi. Yawancinsu suna cin 'ya'yansu, ban da 'yan kaɗan irin su standingi da klemmeri da aka sani da ƙyale su. Bayan mako guda ka haska ƙwan da tocilar waya a cikin duhu: mai rai zai nuna ja-ja da siraran jijiyoyi, wanda ba komai ciki rawaya ne fayau. Uwar takan cinye irin wannan ta maida kalsiyam ɗinta, a bar ta. Laticauda kan ƙyanƙyashe cikin kwana 40 zuwa 45 a digiri 28, grandis kusan wata biyu.

A wasu jinsunan zafin da ƙwai ya kwanta a ciki ne ke yanke mace ko namiji, sanyi-sanyi ya ba da mata, ɗumi ya ƙara maza. Masu kiwon cepediana a Turai sun daɗe suna kukan mata zalla suke samu. Mai kiwo a nan ya rubuta zafin da ƙwansa ya gani da abin da ya fito, don lissafin Turai ba namu ba ne.

To daga ina dabbar ta fito? Dukkan Phelsuma na cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, tun 1977, wato ba a tsallaka iyaka da su sai da takarda. A 1995 aka dakatar da fitar da mafi yawan na Madagaska saboda kwasar da aka yi musu, aka bar jinsuna huɗu kacal. Ghana na cikin yarjejeniyar, kuma Sashen Kula da Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ne ke ba da izini. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a cinikin dabbobi masu jan ciki, ita da Togo da Benin sun daɗe suna fitar da ƙaramar mesa zuwa Turai da Amurka. Duk wanda ya ce zai kawo maka tsakar Morishus ba takarda, kayan sata yake tallatawa. Ban da doka ma, wadda aka kamo a daji ta fi tsoro nesa ba kusa ba, takan zo da jajayen ƙananan ƙwari masu kama da kaska a tsakanin yatsu da tsutsar ciki, da yawa ba sa daɗewa. Kuma ƙarewa ba tatsuniya ba ce a wannan dangi: tsibirin Rodrigues ya rasa jinsuna biyu, ɗaya tun ƙarni na 19, ɗayan ba a sake ganinsa ba bayan 1917. Shuɗiyar tsakar dajin Kimboza na Tanzaniya, 'yar wani dangi na kusa, masu kamawa don sayarwa ne suka kai ta rukuni na ɗaya na CITES, mafi tsanani, a 2017.

Sai mutanen gida. Wanda zai shigo da tsaka gidan haya a zango ya shirya jin, "Kai yaro, abin da ake kashewa shi ka kawo mana kana ciyarwa?" Kuma Hajiya ba ta yi ƙarya ba, akwai ingantattun hadisai da suka yi umarni da kashe tsaka. Yadda hukuncin ya shafi ajiye irin wannan, magana ce da mutum zai kai gaban malaminsa kafin ya kashe sisi, ba bayan ya saya ba. Abin da ake cewa tana da dafi ko tana sa kuturta, wannan kam ba haka ba ne, sai dai kashinta na iya ɗaukar ƙwayar cutar gudawa kamar na sauran masu jan ciki, a wanke hannu, kada a ajiye keji kusa da kicin. Hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha shi ma yana kan duk wanda ya rufe dabba a keji.

Abin da masu ɗokin haihuwa ba sa lissafawa shi ne inda 'ya'yan za su. Mace ɗaya lafiyayya na iya ba ka goma ko sha biyu a shekara, kowane da mazubinsa don suna faɗa tun suna ƙanana, kowane da ƙudajensa kullum. Masu saye a ƙasar nan kaɗan ne, fitarwa waje sai da takardu. Sakinsu kuma babu shi a lissafi. Laticauda da aka saki a Hawai a shekarun 1970 ta bazu a tsibiran, grandis ta kafu a kudancin Fulorida, ta kuma shiga Morishus inda take cinye 'yan uwanta na asali. Yanayin Kumasi da gonakin ayabar da ke kewaye da ita zai karɓe su hannu biyu, alhali muna da namu ƙananan masu yawon rana, dangin Lygodactylus, da ke bin jikin itatuwa a kudancin Ghana, waɗanda grandis za ta mayar abinci. Shi ya sa duk lokacin da za a buɗe keji a fara rufe ƙofa da taga, kejin baranda kuma a yi masa ƙofa biyu. Wanda bai san hannun da zai miƙa wa 'ya'yan ba ya raba mace da namiji, kowa da kejinsa. Macen ma hutun zai yi mata amfani, don wadda ke saka ƙwai ba tsayawa kalsiyam ɗin ƙashinta take zubarwa, kuma takan riƙe maniyyi ta ci gaba da saka masu rai na wani lokaci bayan rabuwar, saboda haka a ci gaba da duba gindin moda da cikin gora har wata biyu ko uku.